Ranar da Aka Zo Ɗaukar Injin Kwaɓi

Gidan burodin Yaya yana ƙarshen layin masu walda, daidai inda kwalta ta ƙare. Kowa Yaya yake ce mata, har ma'aikatan da suka girme ta, don da sunan suka ji ƙaninta Auta yana kiranta tun buɗe wajen. Ita ce mai wuri, amma ba ta son yawon kasuwa. Kullum tana ɗakin kwaɓi, tana duba wuta, tana faɗa da duk wanda ya bar tire da maiƙo. Auta ne ƙafarta, shi ne bakinta. Shi ke sayo fulawa da sukari, shi ke sasantawa da masu shaguna, shi ke zuwa wajen Mai Injuna in wani ƙarfe ya gaji, a sayar da shi a kawo wani.

Ita da kanta ta fara kai shi shagon Mai Injuna, wani dattijo mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Ta ce, "Baba, ga ƙanina. Abin da ya ce, ni na ce."

Dattijon ya dubi Auta sama da ƙasa. "To Allah ya sa bakinsa ya fi naki daɗin ciniki."

Shekaru aka yi a haka lafiya, sannan Auta ya faɗa cacar ƙwallo ta waya. Fulawa ta fara ƙarewa kafin lokacinta. Ranar da Yaya ta kama shi yana loda buhuna a motar wani ta ƙofar baya, ba ta ɗaga murya ba. Ta ja shi ofis, ta rufe ƙofa, ta miƙa hannu.

"Ba ni makullai. Daga yau ba ka saya mini, ba ka sayar mini. Na cire ka."

Ya ajiye su a tebur yana huci, ya fita.

Da yamma ta je gida ta tarar labari ya riga ta. Umma, mahaifiyarsu, tana kishingiɗe da kumburarrun ƙafafunta a kan matashi, tana kuka.

"Kin kore shi, na ji, ban hana ki ba. Amma ki rufa masa asiri. Yaron nan aure yake nema. In kika bi shago shago kina cewa kin cire shi, wa zai ba shi 'ya? Ki ce hutu yake yi."

"Umma, mutanen da muke hulɗa da su ya kamata su sani."

"Ni na haife ki, ni nake roƙonki."

Yaya ta sunkuyar da kai. Duk wanda ya tambaya sai ta ce Auta hutu yake yi. Har Mai Injuna, da suka haɗu a wajen wata ta'aziyya ya ce ina manaja, ta ce yana nan kalau.

Wata safiya ana tsakiyar kwaɓi babbar mota ta tsaya a ƙofa da ƙarti riƙe da sarƙoƙi da sifana. Mai Injuna ya sauko yana fara'a.

"Hajiya, ashe sababbi za a kawo? Allah ya sanya alheri. Mun zo ɗaukar injin kwaɓi da babban tanda."

Ta ɗauka wasa yake. Da ta ga ba ya dariya irin ta wasa, sai ta dafa bango.

Auta ne ya sayar. Ranar da ta kai Umma asibiti ya kawo dattijon ya zagaya da shi. Ma'aikata suka gaishe shi da "sannu da zuwa, manaja," don su ma hutu suka san yana yi. Aka yi ciniki, ya sa hannu da sunan gidan burodi kamar yadda ya saba, ya karɓi kuɗin gaba ɗaya. Wayarsa kuwa tun jiya a kashe.

"Baba, na cire shi tuntuni. Ba da yawuna ya yi ba."

Fara'ar ta gushe daga fuskar dattijon. "Kin gaya mini? Ni da na tambaye ki da bakina?"

Ta hana a taɓa komai. Magana ta kai kotu.

Lauyan da ta ɗauka mutum ne mai yawan atishawa, ofishinsa a saman wani kantin magani. Ya saurare ta har ta gama, ya goge hanci, ya ce, "Zan tsaya miki, amma ba zan yaudare ki ba. Wanda ya naɗa wakili, abin da wakilin ya ƙulla da sunansa ya hau kansa, kamar shi ya ƙulla."

"Ai na ce maka na cire shi."

"Tsakaninki da shi, ya ciru. Amma ke kika kai shi wajen mutumin nan. Ya sha sayar masa da tsofaffin injunanki kina amincewa. Kotu za ta tambaya, me mai saye ya sani, kuma wa ya sa ya yarda? A ɗaki kika cire shi, Hajiya. A waje kin bar shi da rigarsa."

Haka kuwa aka yi. A gaban alƙali lauyan Mai Injuna ya tambaye ta ko ta taɓa cewa abin da Auta ya ce ita ta ce. Ta ce ta faɗa. Ya tambaya ko ta sanar da kowa ta janye maganar. Ta buɗe baki za ta ambaci Umma, sai ta ga ba shi da amfani. Ta ce a'a. Alƙali ya ce ciniki ya tabbata, in tana da kuka ta kai shi kan wakilinta.

Sai da aka fasa bango kafin tanda ya fita. Ta tsaya tana kallo, ƙurar bulo tana sauka a kan teburan murji. Ma'aikata suka yi mata sallama ɗaya bayan ɗaya. Babbansu, wanda ya koya mata gane kwaɓin da ya tashi, ya naɗe rigar aikinsa ya ajiye mata a kujera, ya tafi.

Daga nan gidan Umma ta wuce. Tana ɗaga labule ta ga takalman da ta sani. Auta na zaune a gefen gado yana cin abinci, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ashe duk zaman kotun nan yana ɗakin baya.

"Yaya," ya ce, "wallahi niyyata in na ci cacar in mayar da kuɗin kafin ki sani."

Ba shi ta kalla ba. "Umma, kin san yana nan?"

"Ɗana ne, ina zan kai shi? Abin da ya faru ya faru. Ƙarfe ne, Allah zai ba ki wani. Ki yafe masa."

Yaya ta saki labulen. Ta fita tsakar gida ta kira lauya, daga nan ta tafi ofishin 'yan sanda. Da suka zo, Umma ta rarrafo har bakin ƙofa tana kiran sunanta na yanka, wanda rabon da ta kira ta da shi tun tana yarinya. Yaya ba ta juyo ba.

An ɗaure Auta. Ba a samu komai a hannunsa ba. Auren ya watse, dangi suka rabu biyu, mafi yawa suna cewa ta cika taurin zuciya. Yaya ta mayar wa mai gini makullinsa, ta samu aikin kula da masu kwaɓi a gidan burodin wani.

Umma ta daina amsa gaisuwarta. Amma ranar ziyara babu mai kai ta gidan yari sai Yaya. Takan zo da tasi, ta tallafe ta ta sa a baya, ta riƙe mata kwanon abincin da aka dafa wa Auta. A bakin ƙofa ganduroba yakan karɓi hannun tsohuwar, ita kuma ta tsallaka titi ta zauna a bencin mai faci, ta jira a fito.