Matar da Ke Kai wa Sufeto Cigiya

Ƙarfe takwas na safe Sufeto yake buɗe ofis. Ofishin dai falon gidansa ne, teburin kuwa na keken ɗinkin matarsa ne, an kwantar da kan keken ciki an lulluɓe shi da yadi mai ruwan toka. Yakan zauna a bayansa cikin kakin da aka rage wa kafaɗa har sau biyu amma bai daina yi masa yawa ba, ya jera littafi da biro da gorar ruwa da kofin silba, sannan ya zuba wa ƙofa ido.

Minti biyar matarsa take ba shi. Daga nan ta fita ta ƙofar kicin, ta zagayo ta gaban gida, ta gyara mayafi, ta yi sallama a bakin falon da ita ta share shi ɗazu.

"Shigo, baiwar Allah."

Ya cire hularsa ya kife a kan tebur, ya tsiyaya ruwa ya tura mata kofin da yatsu biyu.

"Sha ruwa tukuna. Magana ba ta gudu."

Ta sha, ko da ba ta jin ƙishi.

"Me ke tafe da ke?"

"Yallaɓai, mijina ne ya ɓata."

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu: Sufeto bai taɓa kama ko ɓarawon kaza ba. Ɗan wasa ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana fitowa a talabijin kowace Alhamis da yamma, a wani shirin 'yan sanda mai suna Teburin Sufeto. A wancan zamani, da an buga kiɗan shirin titi yake yin tsit, mai aski ya bar mutum da rabin kai, har ana barkwanci cewa su kansu ɓarayi hutu suke ɗauka su je kallo. Bai taɓa ɗaga wa wanda ake tuhuma hannu ba. Hula yake cirewa, ya ba shi ruwa, ya saurare shi har ƙarya ta gaji ta zauna. Maganar ta fita daga akwatin talabijin ta shiga gidaje. Uwa ta kama ɗanta da laifi sai ta ce, "Sha ruwa tukuna." Masu sulhun aure suka ɗauka, malaman makaranta suka ɗauka, kuma samari da yawa sun sa kaki na gaske saboda shi, ko da yake ba duka ne suka tuna da kofin ba.

Sunansa na yanka ya nutse, har mahaifiyarsa Sufeto take kiran sa. Mutum ɗaya ce ta san wanda ke cikin kakin, wato telar da ke ɗinka kayan wasa a gidan talabijin ɗin. Ita ke tsayawa bayan fitila da allura soke a mayafinta. Da darakta ya ce "Kat!" don a tsai da ɗauka, sai ta ga kafaɗun nan sun sauka, ya waigo yana jan wuyan riga: "Tela, maɓallin nan naki sai ya kashe ni." Ya aure ta, suka haifi 'ya'ya huɗu, bai taɓa kiran ta da wani suna ba sai Tela.

Ciwon mantuwa ya fara masa da makulli, ya koma hanyar gida, ya bi ta kan sunayen 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Ita ce ta ƙarshe. Ranar da ya dube ta ya ce, "Wa kike nema?" ta shiga banɗaki ta saki famfo don kada a ji kukanta. Wata uku ya yi bai ce uffan ba, fuskarsa na kallon taga. Sai wata rana tana shanya kayan akwati, tsohuwar hular ta faɗo ta gangara gabansa. Ya ɗauka, ya kaɗe, ya ɗora a ka, bayansa ya miƙe. Ya tambaye ta abin da ke tafe da ita, ita kuwa baƙin ciki ya sa ta faɗi abin da ke ranta, cewa mijinta ne ya ɓata. Da babu gara ba daɗi, tun daga ranar aka buɗe ofis.

"Kamanninsa?" yakan tambaya, biro a hannu.

"Dogo ne, baƙi, yana da wushirya. Yana tsoron tsaka."

"Ƙato da tsoron tsaka?" Sai ya yi dariya, wushiryar ta bayyana. "Ko dai faɗa kuka yi?"

"Kullum muna yi, Yallaɓai, amma ba irin na tafiya ba."

"Da wane suna yake kiran ki?"

Ta faɗa, ya rubuta a hankali.

"Koma gida ki kwantar da hankalinki. Fayil ba ya rufuwa a teburin nan sai an ga ƙarshensa."

Abin karyawa ma sai da dabara. In ta ce ita ta kawo, ba zai taɓa ba, wai Sufeto ba ya cin abin hannun mai ƙara. Dole ta ce daga kantin ofis aka aiko. Rabin awa ke nan a kowace rana, kuma ita ce duk hirar da ta rage mata da mijinta a duniya.

Ana haka wani matashin darakta ya zo gidan. Ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe ta da ladabi, ya ce a kan kafaɗar babansa ya fara kallon Sufeto ta tagar maƙwabta. Za a farfaɗo da shirin, da sabbin fuskoki da sabon Sufeto.

"Mama, fitowa ɗaya kawai muke roƙo. Baba ya miƙa wa sabon Sufeton hularsa da hannunsa. In babu wannan, mutane za su ce jabu muka kawo musu."

Ta ce ya ba ta kwana biyu.

Autarsu, wadda ke leƙo su kullum in ta taso daga aiki, ba ta ko bari ta kai aya ba.

"Umma, ki rufa mana asiri. Yana ci, yana magana, yana dariya. Me kuma ake nema?"

"Ke ba ki san aikin nan ba. Babanki ba ya fita daga wasa sai an tsai da shi. Yau shekara biyu yana ciki, babu wanda ya ce masa kat."

"Ba kin faɗa masa ba? A gabana kika faɗa, ya ce ki rage murya a ofis."

"Ni wace ce da zan tsai da wasa? Ni tela ce. Sai da fitila, sai da kyamara, sai daga bakin darakta."

"Umma, garin neman gira fa ake rasa ido."

"Sau ɗaya nake so ya kira ni, Auta. Sau ɗaya tak."

Auta ta ɗauki jakarta ta tafi, Tela kuwa ta aika wa darakta cewa ta yarda.

Ranar ɗauka Tela ta goge kakin har ƙarin wandon ya yi kaifi. An sake gina ofishin tamkar jiya aka bar shi, har agogon bangon da bai taɓa aiki ba. Abin da ya sauya kyamara ce, da ta gama ƙanƙancewa kamar ta yi jinya. Da Sufeto ya shigo, ma'aikata suka miƙe tsaye ba tare da an ce su tashi ba. Darakta ya yi ta yi masa bayani, shi kuwa hankalinsa na kan wani ƙudan da ke yawo. Amma da aka kunna fitilu sai ya taka ya zagaya bayan tebur, ya zauna kamar bai taɓa tashi ba. Ita ta koma wurinta na da, bayan fitila, ta soke allura a mayafi.

Sabon Sufeto, saurayi mai faɗin ƙirji, ya shigo ya ƙame ya sara.

"Yallaɓai, an turo ni in karɓi aiki."

A rubuce, hula kawai za a miƙa. Sufeto ya dube shi sama da ƙasa, ya cire hular ya kife, ya tura masa kofi.

"Sha ruwa tukuna."

Saurayin ya saci kallon darakta, darakta ya yi masa alama ya bi. Sufeto ya sa hannu a aljihu ya zaro littafin nan na gida, wanda ba ta ma san ya ɗauko ba.

"Ba a miƙa hula kafin fayil, yaro. Wa ya koya maka aiki?"

Sai a nan Tela ta farga. Ta tuna abin da bai kamata ta manta ba. Kafin a fara shirin, wata uku ya yi yana zama a ofishin 'yan sanda na gaske yana koyon yadda ake komai, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar bin ƙa'ida. Sau nawa ta ji shi yana gaya wa marubuta cewa wanda ya miƙa aiki ya miƙa duka, ba ya sake sa hannu a fayil ko da na ɗan'uwansa ne? Ta buɗe baki, amma mai riƙe da makirfo ya ɗora yatsa a leɓe.

"Shekara goma sha ɗaya ban bar fayil a buɗe ba," in ji Sufeto, "sai wannan. Wata baiwar Allah ce, mijinta ya ɓata. Kullum tana zuwa, ba ta taɓa makara ba. Na duba duk inda zan duba." Ya shafa bangon littafin. "Na kasa, yaro. Ban taɓa gaya mata ba. Kai da ƙafarka ke da ƙarfi, ka nemo mata shi. In ta zo, kada ka ba ta ruwa mai sanyi sosai, yana taɓa mata haƙori."

Ya miƙa littafin, sannan ya miƙa hular da hannu biyu. Saurayin ya karɓa, hawayen da ke fuskarsa kuwa ba na wasa ba ne. Sai darakta ya ɗaga hannu.

"Kat."

Kafaɗun suka sauka, daidai yadda ta sani. Ya kai hannu ya ja wuyan riga. Ya waigo wajen fitila, ta matso taki ɗaya, hannunta a kan allurar. Idonsa ya sauka a kanta, ya ɗan tsaya, ya wuce zuwa bango.

"Ina ne hanyar fita?" ya tambayi mai kyamara.

Aka ɓarke da tafi. Darakta ya zo ya durƙusa gabanta yana share ido, yana cewa ko shekara ya yi yana rubutu ba zai rubuta irin wannan ba, duk wanda ya gani sai ya yi kuka. Bai yi ƙarya ba, kuma ba shi da laifi. Ta roƙe shi hular da littafin. Ya ba ta nan take, ya ce za su ɗinka wata.

A mota Auta ba ta ce "na gaya miki" ba, hannun uwarta kawai ta riƙe. Da ta faɗa ma da ya fi sauƙi.

Washegari Tela ta shimfiɗa yadin toka, ta jera littafi da biro da gora da kofi, ta ɗora hular a tsakiya inda ba za a kasa gani ba. Ta rataye kakin a jikin kujera. Takwas ta buga yana zaune bakin taga cikin rigar barci. Ta ba shi minti biyar ɗinsa, ta ƙara masa biyar. Sannan ta fita ta ƙofar kicin, ta zagayo, ta yi sallama.

Ya amsa, amma bai ce ta shigo ba. Ta shiga.

"Yallaɓai, mijina ne ya ɓata."

Ya juyo a hankali. Ya dubi hular, ya dube ta, da tausayi sosai a fuskarsa.

"Ayya, baiwar Allah. Ai na miƙa aiki."

"Ga hularka nan an dawo da ita."

"Ba tawa ba ce yanzu. Ki je wurin sabon Sufeto, yaro ne mai hankali. Na yi masa bayaninki."

"Ni wurinka na saba zuwa, Yallaɓai. Ko sauraro kawai ka yi, ba sai ka rubuta ba."

"Ƙa'ida ce," ya ce. "Ki yi haƙuri. Allah ya bayyana shi."

Ya mai da fuskarsa ga taga.

Ta zauna a kujerar masu ƙara. Ta jawo littafin ta buɗe. Shafi bayan shafi magana ɗaya ce, rubutun yana ƙara karkacewa: dogo, baƙi, wushirya, tsoron tsaka. A ƙasan kowane shafi, da hannunsa, ya rubuta: yana kiran ta Tela. Ta yi kuka mara sauti, irin na wanda ya san shi ya jawo wa kansa, shi kuwa bai waigo ba.

Da rabin awar ta cika, ta tsiyaya ruwa ta sha, ko da ba ta jin ƙishi. Ta kwashe gorar da kofin, ta mai da hular cikin akwati, ta ninke yadin toka gida huɗu. Sannan ta buɗe teburin ta ɗago kan keken. Zaren da ke jikin allurar ruwan kaki ne, tun na ranar da ta rage masa kafaɗa.