Littattafai Sittin a Kabad

Shekara goma sha tara Likita Emrys Prydderch yana Liverpool yana aika littattafai gida, zuwa ɗakin karatun masu fasa dutse a Rhydlas. Ƙurar dutse ce ta ci huhun mahaifinsa, shi ya sa ya zauna ya rubuta bayanin cutar da yarensu, aka buga guda sittin, ya haɗa da sauran. Makullin ɗakin yana hannun Idwal, dattijon majami'a, abokinsa tun suna yawo ba takalmi. Duk Kirsimeti sai wasiƙar Idwal ta zo: "Emrys, har rububinsu ake yi."

Rasuwar Gwilym Parry, wanda suka yi makaranta tare, shi ma ƙurar ce ta ci huhunsa, ita ta dawo da shi. Bayan binnewa aka taru shan shayi a ɗakin karatun, ruwa na dukan rufi. Can ya hango kabad mai gilashi, ga sunansa da ruwan zinariya. Tsoho da son yabo, har da gyara kwala. Ya karɓi makulli wurin Idwal ya zaro littafin nasa guda.

A zamanin, sabon littafi shafukansa a haɗe suke zuwa, sai mai karatu ya bi da wuƙa yana rabawa. Wannan wuƙa ba ta taɓa shi ba. Na biyu ma haka. Ya bi sittin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, duk haka suke.

"Idwal, wa ya karanta?"

"Haba Emrys, a zaman makoki?"

"Na ce wa ya karanta?"

"To... mai mahaƙar dutsen shi ya ba mu ginin nan, shi ke ba mu gawayi. Cewa ya yi in maza suka karanta za su tayar da ƙayar baya. Ni dai adanawa na yi. Duba mana, ko lanƙwasa babu!"

Da maƙiyi ne da da sauƙi. Likita ya zauna da littafi guda a hannunsa.

Nesta, matar mamacin, tana yanka burodi. Ta miƙo masa wuƙar. "Likita, me ke ciki?"

Ya raba shafin farko, ya karanta a fili: in an jiƙa dutse kafin a yanka, ƙura ba ta tashi.

Nesta ta ɗaga kai ta dubi rufin da ke ɗiga.

"Ruwa?" ta ce. "Ruwa kawai?"