Ƙarfen da Bai Saki Tirela Ba

Shekara ta biyu ke nan da ruwan sama ya juya wa yammacin Oklahoma baya. Ciyawa ta ƙone, tafkunan shayar da dabbobi sun koma busasshen taɓo, kowa sai rage garke yake yi. Lorene Tackett ta daure iya daurewa, har ranar da ta ga wata saniyarta tana lasar ƙasa a gindin shinge. Nan ta yanke shawarar kai rabin shanun kasuwa.

Tirela kam maƙwabta sun ce ta ɗauki tasu, irin doguwar nan da ake kira mai wuyan dinya, wadda wuyanta ke lanƙwasowa ya sauka a tsakiyar bayan a-kori-kura, ya hau kan wani dunƙulen ƙarfe. Sai dai motar da Lorene ta saya bayan rasuwar mijinta ba ta da wannan ƙarfen.

Mijin nata, Odell, ya rasu ne a watan Janairu. Ya ɗauko shanu, ƙanƙara ta kwanta a kan gadar rafin da ke hanyar gari, tirela ta zame ta faɗa ƙasa, ta ja motar ta bi ta. Waɗanda suka ciro shi sun ce ko da suka isa, wuyan tirelar yana nan daram a kan dunƙulen, bai saki ba. Wasu na faɗin haka da yabo, wasu kuma su ce da ya saki, da watakila mutumin yana raye. Gawar motar tana bayan rumbun ciyawa, an lulluɓe ta da tamfol.

Lorene ta kira Hoyt, wan Odell, tsohon makaniki mai ciwon gwiwa da kaifin baki. Da ta faɗa masa abin da take so, sai ya cire hularsa ya sosa sanƙo.

"Lorene, kin san dai ana sayar da sabo a gari ko?"

"Na sani. Na Odell nake so. Motar iri ɗaya ce, zai shiga."

"Zai shiga mana. Maciji ma yana shiga takalmi."

"In gwiwar ce ba za ta bari ka ba, ka faɗa mini, tsoho, in nemi wani."

Ya harare ta, ya mayar da hular. "Sai na duba shi tukun. In na ga tsaga ko kamar silin gashi, rami zan jefa shi."

Bai ga tsaga ba. Ya kwance ƙarfen daga gawar motar, ya kankare tsatsa, ya juya shi gaba da baya a rana, ya ƙwanƙwasa yana saurare. Notuna dai ya ce sababbi zai sa, ba ya wasa da wannan.

Ranar Asabar da hantsi suka fara, a inuwar rumbu. Suka sauke safayar taya, Hoyt ya cire farantin da ke kare zafin salansa. Sannan ya hau bayan motar da tef ɗin awo, ya auna daga baya, ya auna tsakanin kumburin nan biyu da ke rufe tayoyin baya, ya sake aunawa.

"Ka auna wurin nan ɗazu," in ji Lorene.

"Rami sau ɗaya ake huda shi, ƙanwata. Dole ya zauna gaba kaɗan da ƙarfen tayoyin baya. In ya koma baya, gaban mota ya ɗaga sama, sitiyari ya zama abin ado."

Ƙarar injin huda ta cika gidan. Da faifan ƙarfen ya faɗo ƙasa, Lorene ta leƙa ramin, ta ga ƙasa ta ciki. Ta shafa wa bakin ramin fenti don kada ya yi tsatsa. Suka zura sandunan ƙarfe biyu a kan ƙashin motar ta gefen taya, ita ta ɗaura igiya ta cikin ramin tana ja daga sama, shi yana tura babban farantin ƙarfen na Odell daga ƙasa da ƙirji yana zagin duk wanda ya ƙera shi, har soket, wato gurbin da dunƙulen ke zama a ciki, ya leƙo daidai ta ramin.

Da ya shiga ɗaure notunan gefe, ta ce bari ta kawo kofi. Tana dawowa da kofuna biyu a hannu, tun daga nesa ta hango takalmansa sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Sai ta ji ya ce, "Yauwa, na gode. Ita nake nema."

Ta tsaya cak a tsakar gida.

"Da wa kake magana, Hoyt?"

Ƙarar sufana ta ɗauke. Ya jawo jiki ya fito a hankali, ya dube ta can inda take tsaye, ya dubi sufanar da ke hannunsa, ya waiwaya ya dubi akwatin kayan aiki da ke ɗaya gefen motar.

"Da kaina," ya ce. "Tsufa ne. Kawo kofin nan kafin ya huce."

Bai ƙara zolayarta ba ranar. Ya gama ɗaure notunan daidai ƙarfin da ya kamata, ya sa ƙugiyoyin sarƙa, ya nuna mata hannun da ake ja ta gefen taya a saki dunƙulen, a kifa shi cikin soket in ba a aiki da shi, bayan mota ya koma shimfiɗe. Ya ce ta riƙa shafa giris, kuma bayan ɗaukar kaya na farko zai dawo ya sake gwada notunan. Ya ƙi tsayawa cin abinci.

Washegari da ta fito za ta coci, ta tarar da dunƙulen a tsaye, yana ƙyalli da sabon giris. Ita ta san da hannunta ta kifa shi. Ta ce a ranta watakila Hoyt ne ya biyo da sassafe, ba ta kuwa tambaye shi ba, don ba ta son jin amsar.

A hanya motar ta riƙa yi mata nauyi. Ba ta ja komai, amma in ta taka birki sai ta ji kamar wani abu na turo ta daga baya, in za ta sha kwana sai ta samu kanta tana buɗewa kamar mai jan doguwar tirela. Ta duba madubi ya fi a ƙirga. Ba komai sai jar ƙura.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne bugun. Shekaru talatin da wani abu tana ja da baya Odell yana tsaye a gefe yana duba wuyan tirela, in dunƙule ya zo daidai sai ya bugi jikin mota da tafin hannu sau biyu, ita kuma ta taka birki. Ran da ta je ɗaukar tirelar maƙwabta, ita kaɗai ce a filin. Tana ja da baya tana leƙe, sai ta ji bam, bam a jikin mota. Ƙafarta ta taka birki kafin ta yi tunani. Da ta sauko, wuyan yana saman dunƙulen daidai wa daida.

Ta daɗe tsaye riƙe da ƙofar mota. Daga baya ta sauke wuyan, ta kulle, ta maƙala sarƙoƙi biyu da wayar birki, ta cusa fulogin fitilu.

Ranar kasuwa ta loda shanun da safe. Hanya ɗaya ce zuwa gari ga mai jan tirela, ita ce ta gadar. Tun Janairu Lorene ba ta bi ta ba, zagaye take yi ta wata ƙaramar hanya. Ta kunna rediyo, ta kashe. Da ta hango ƙarafan gefen gadar, sababbi farare tas a inda aka gyara, sai ta riƙe sitiyari da hannu biyu.

Bam, bam.

Ta gangara gefen titi ta tsaya. Rana ta take, ba mota ko ɗaya. Ta zagaya ta duba makulli, ta ja sarƙoƙi, ta taɓa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa shanun. Komai lafiya lau.

"To me kake so?" ta ce da ƙarfi, har muryarta ta ba ta tsoro. "Ba na son sayar da su, Odell. Ka nuna mini ciyawa in fasa."

Fara na ta kuka a cikin busasshiyar ciyawa. Can sai wata saniya a cikin tirela ta yi kuka, wata kuma ta amsa. Amsar daga ƙarƙashin gada ta fito.

Lorene ta bi gangaren tana dafa duwatsu. Rafin ya ƙafe, saura ɗan kududdufi kore a inuwar ginshiƙi. A bakinsa wata jar saniya ke tsaye, ramammiya, ƙashin haƙarƙari a waje, ƙaho ɗaya a karye, ɗan maraƙi na maƙale da cinyarta. A ɗuwawunta akwai tambarin gidansu, wanda suke ƙona wa shanunsu da ƙarfe mai zafi.

Sai a lokacin ta tuna. Daren haɗarin an ce mata karsana ɗaya ba a ga gawarta ba, mai ciki ce, kowa ya ɗauka ta ja jiki ta mutu a cikin kurmi. Lorene tana cikin makoki, ko a jikinta. Ashe dabbar tana nan tana bin rafi, ta haihu ita kaɗai, fari ya koro ta zuwa ruwan ƙarshe.

Ta kira ta da irin kiran da suke yi wa shanu a gida. Saniyar ta ɗaga kai, ta miƙe kunnuwa, amma ba Lorene take kallo ba. Wani wuri take kallo bayan kafaɗarta ta dama, sama kaɗan, daidai tsayin namiji. Ta yi taku biyu zuwa wajen, tana ɗan gunji a hankali.

Lorene ba ta waiwaya ba. Ta tsaya a haka, gashin wuyanta a tsaye, hawaye na zuba, har saniyar ta sunkuyar da kai ta koma shan ruwa.

Shanun da ke tirela ba za su jure zafi ba, dole ta wuce. Ta haye gadar a hankali, ta kai su kasuwa, ta tsaya har aka yi gwanjonsu, daga can ta kira Hoyt.

Washegari suka dawo tare da tirela ba kaya, da dokinsa, da bokitin dusa. Maraƙin bai ba su wahala ba. Uwar ta biyo dusa har bakin titi, amma tana ganin ƙofar tirela a buɗe ta kafe ƙafafu, jikinta duk ya ɗauki ɓari, fitsari na zubo mata. Hoyt ya jefa mata igiya, ya ja, ya yi zagi, ya yi lallashi.

"Ƙyale ta," in ji Lorene. "Ba za ta shiga ba. Ni ma da ni ce ba zan shiga ba."

"To ya za mu yi? Mu goya ta?"

"Da ƙafa za mu je."

"Da wace gwiwar?"

"Kai kana kan doki, raggo. Ni ce mai tafiya."

Suka bar motar a gefen titi. Hoyt ya aza maraƙin a gaban sirdi, uwar ta bi ɗanta, Lorene na biye da sanda. Tafiya ce mai nisa a cikin rana, da ƙyar suka hango rufin rumbu.

"Lorene," ya ce bai juyo ba, "me ya sa kika tsaya a gadar nan jiya?"

"Taya na tsaya dubawa."

Ya gyaɗa kai. "Haka ne. Taya tana son dubawa."

Saniyar ta yi ƙiba kafin sanyi ya shigo, amma ba ta sake yarda mutum ya taɓa ta ba, kuma ba ta shiga cikin garke. Lorene ta ware mata ɗan fili kusa da gida, inda take hango ta daga tagar kicin. Masu sayen shanu sun taya saniyar da ɗanta sau da dama, Lorene takan ce su duba wasu.