Gadar da Dogo Ya Aiko

Wata takwas ƙanina ya yi bai leƙo falo ba. Ɗakinsa shi ne na can ƙuryar gida, a ƙarshen dogon korido, kuma da banɗaki a ciki, saboda haka ko wannan dalilin na fitowa babu. Abinci sai dai a ƙwanƙwasa, a shiga, a ajiye, a fito. Idan mutum ya manta bai ja ƙofa ba, zai ji murya daga ciki ta ce, "Ƙofa." Kalma ɗaya, ba roƙo ba faɗa.

Auta muke ce masa, duk da ya ba shekara ashirin da bakwai baya. Aikinsa jan kebul na intanet ne a ofisoshi da gidajen mutane, shi da abokinsa Dogo. Wata Talata tsani ya zame da shi daga hawa na biyu, bayansa ya taɓu, ƙafafun suka daina aiki. Aka sallamo shi daga asibiti a kan keken guragu, ya shige ɗakin nan, shi ke nan.

Ni ce yayarsa. A ɗakin gwajin jini nake aiki, kuma kowa ya san ba ni da lallashi. Idan mutum ya miƙo hannu ya ce, "Da zafi?" sai in ce, "Da zafi, amma kaɗan." Abokan aikina su ce ba zafi, su caka, mutum ya zabura kamar an ɗana masa wuta. A gida ma hakan take. Umma kullum sai ta ce masa ai ya kusa miƙewa. 'Yan dubiya kuwa kowa da labarin wani da ya fi shi jin ciwo, wai yanzu har gudu yake yi. Ni da ya tambaye ni abin da takardar asibiti ke nufi, karanta masa na yi yadda take. Ya yi kwana biyu bai ci abincin kirki ba, amma tun daga ranar ni kaɗai yake bari in zauna a bakin gadonsa fiye da minti biyar.

Kafin faɗuwar, duk yammacin Asabar shi da Dogo suna gaban talabijin suna buga gem ɗin ƙwallo, suna ihu kamar ba su da iyaye, Umma tana rantsuwa cewa wata rana sai ta jefa na'urar a bola. Bayan abin ya faru, Dogo ya sami aiki a wani gari mai nisa. Na'urar gem ɗin ta koma saman durowa tana shan ƙura.

Rannan ina wurin aiki Dogo ya kira ni.

"Yaya, na aiko da saƙo ta mota. Ɗan akwati ne, bai kai tafin hannunki biyu ba. Gada muke ce masa."

"Gada kuma? Kogi ne a gidanmu?"

"Saurara mana. Na'urar gem ɗinsa tsohuwar yayi ce, ba ta jin wayifai, wato intanet ɗin da ke zuwa ta iska, sai an cusa mata kebul a baya. Intanet ɗinku kuma yana sama wurin Kawu, ba yadda za a huda siminti a sauko da kebul. To, gadar nan ita za ta kama wayifai daga sama, ta miƙa wa na'urar ta kebul. Idan ya hau, ni ina nan, shi yana can, mu buga kamar da."

Kawunmu da iyalinsa ne a hawan sama, mu a ƙasa, kuma akwatin intanet ɗin gidan duka a falonsa yake. Na ce wa Dogo ni jini na sani, ban san gada ba. Ya ce in dai na iya nemo jijiya a hannun mai ƙiba, wannan wasan yara ne.

Ranar Asabar da rana na shiga ɗakin Auta da akwatin a hannu. Kallo ɗaya ya yi masa ya kau da kai.

"Na bar wannan aikin," ya ce.

"Wa ya ce ka taɓa? Ni zan haɗa. Ka zauna ka sha kallo."

Bai ce a'a ba. A wurin Auta na wancan lokacin, rashin a'a babbar kyauta ce.

Na sa Dogo a lasifikar waya, yana faɗa ina yi. Na jona gadar a soket, na buɗe shafinta a wayata, na zaɓi sunan wayifai ɗin Kawu, na zuba lambar sirri, na yi kuskure sau biyu saboda Kawu ya cusa manyan baƙaƙe a inda ba mai hankalin da zai sa su. Dogo ya ce in duba 'yar fitilar da ke gaba. Kore na nufin ta kama, ja na nufin ba ta jin komai.

A ɗakin Auta ja ce. Na ɗora ta a kan durowa, ja. Na riƙe ta a bakin taga kamar mai neman lafiyarta, ja. Na zare na fita korido, a tsakiya ta fara ƙifta ruwan lemo. Sai da na kai falo, soket ɗin da ke kusa da tagar matakala, sannan ta tsaya kore shar. Kebul ɗin da ya zo a cikin kwalin kuwa da kaɗan ya wuce tsawon hannuna.

"Ba matsala," in ji Dogo. "Bar ta a nan. Ki sayo dogon kebul, mita goma sha biyar ya isa, ki bi da shi ta korido har ɗakinsa."

Na tafi shagon kayan lantarki da ke bakin titi. Mai shagon har ya jawo nadin kebul ya fara aunawa da tef, sai wani tunani ya faɗo mini. Gada a falo take. Babban talabijin a falo yake. Idan babu dogon kebul, mai son buga gem dole ya zo falo. Na ji wani daɗi ya kama ni, irin na wanda ya ga ya fi kowa wayo.

"Malam, bar shi tukuna," na ce.

"Malama, ai na fara aunawa."

"To sai ka fara naɗewa."

Na dawo gida na sauko da na'urar, na goge ƙurar, na kai ta falo na jona da guntun kebul ɗin. Nan take ta hau. Sunan Dogo ya bayyana a gefen talabijin, alamar yana can yana jira. Na ajiye fad ɗin, abin da ake riƙewa ana dannawa, a kan tebur, na ture kujera ɗaya don keke ya sami wurin tsayawa. Sannan na nufi ɗakin Auta.

"An gama," na ce. "Sai dai a falo za ka buga. Gadar ba ta kamawa a nan. Kuma mai shago ya ce irin kebul ɗin nan idan ya wuce mita biyu ba ya aiki."

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana kallona.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"To," ya ce. "Ja mini ƙofa."

Kwana huɗu na'urar tana falo. Kullum da yamma idan na dawo daga aiki sai in kunna, sunan Dogo ya fito, ya jira, ya gaji, ya ɓace. Umma ta lulluɓe fad ɗin da ƙyalle kada ya yi ƙura. Auta bai fito ba. Abin da ya fi damuna, idan na kai masa abinci na nufi bakin gado zan zauna, sai ya ce barci yake ji. Da ƙarfe biyar na yamma.

A rana ta biyar haƙurina ya ƙare, dama ba yawa ne da shi ba. Na shiga na zauna ba tare da an ba ni izini ba.

"Dogo yana can kullum yana jiranka kamar maraya. Taku goma sha biyar ne daga nan zuwa falo. Me zai cinye ka a hanya?"

"Yaya," ya ce, muryarsa a kwance, "shekara shida ina jan kebul ɗin nan. Na ja shi a gini mai hawa biyar. Har mita ɗari yana tafiya ba ya gajiya. Babu mai shagon da zai ce miki mita biyu, ko jiya ya buɗe shagon."

Na sunkuyar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Likita ya yi mini murmushi ya ce a dai ci gaba da gashin ƙashi. Umma kullum sai ta ce na kusa miƙewa. Duk na haƙura, don na san tausayi ne. Ke kaɗai ce idan kin faɗi magana ba sai na juya ta na duba bayanta ba." Ya juyo ya dube ni. "Kuma duk ƙaryar da ke duniya ki rasa wadda za ki yi mini sai a kan kebul? Kin manta na taɓa iya wani abu ko?"

Wallahi na manta. Wannan ce gaskiyar, kuma ita ta fi ƙona ni. Wata takwas ina kallonsa a kwance, ina lissafin magungunansa da lokacin juya shi, har mutumin da ke hawa tsani da nadin kebul a kafaɗa ya fita daga kaina, ya bar mini majinyaci kawai. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji a gaban ƙanina ba.

"Ƙarya na yi," na ce. "Mai shago har ya fara aunawa na hana shi. So nake ka fito. Tsoro nake ji kada ka tsufa a ɗakin nan."

"Da haka kika ce tun farko."

"Da ka fito?"

"A'a," ya ce. "Amma da ban daina yarda da ke ba."

Washegari daga wurin aiki shagon na wuce. Mai shagon yana ganina ya ce yau dai sai na rantse kafin ya taɓa tef. Ya auno mita goma sha biyar, ya matse kawunan biyu, ya naɗe mini. A hanya zuciyata ba daɗi. Gani nake da hannuna zan kai masa abu na ƙarshe da zai sa ba ya bukatar fitowa har abada. Amma na riga na gwada wayo, na ga inda ya kai ni.

Na bar gadar a soket ɗinta na falo, fitilarta kore. Na cusa kai ɗaya a jikinta, na bi gindin bango ina manne kebul ɗin da salatif, a durƙushe, gwiwoyina suna kuka. Na mayar da na'urar ɗakinsa, kusa da ƙaramin talabijin ɗinsa. Da na zo kwanar ƙofa na lanƙwasa kebul ɗin da ƙarfi don ya kwanta.

"Kai, Yaya! Kar ki karya shi haka, zai lalace daga ciki. Ba shi hanya ya zagayo a hankali."

"Ba ka ce ka bar aikin ba?"

"Na bari. Amma ba zan zuba ido a yi kisan kai a gabana ba. Wa ya ce miki ana manne kebul da salatif? Sati ɗaya zai ɓalle."

"Idan ya ɓalle ka fito ka gyara."

Ya yi tsaki, amma na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya miƙo hannu na ba shi ɗaya kan, shi ya cusa a bayan na'urar da kansa, ta yi ƙas. Sunan Dogo ya fito. Ba a yi minti ɗaya ba wayarsa ta ɗauki ƙara, na ji muryar Dogo tana cewa yau sai ya zura masa biyar, ba ruwansa da wani ciwo.

Na tashi zan ba su wuri, na ja ƙofa, ta ƙi rufuwa. Ƙasanta dama gogar siminti yake, ba inda kebul zai bi sai ta gefe, kuma ga shi ya tokare ta. Saura kamar faɗin yatsa biyu. Na koma da sauri.

"Auta, ƙofar ba ta rufuwa, kebul ya tokare ta. Wallahi wannan ba dabarata ba ce. Gobe zan kira kafinta ya ɗan fere gefen."

Idonsa na kan talabijin, yatsunsa na ta aiki a kan fad. Na san ya san hanyoyi goma na gyara wannan, kuma ko ɗaya ba zai ɗauke shi minti biyar ba.

"Kar ki kira kowa," ya ce. "Bar ta haka."

Ban sani ba ko wata rana zai iso falo. Ba zan yi wa kaina ƙaryar da na daina yi masa ba. Na dai dawo falo na tarar da Umma ta kashe rediyonta, tana zaune a hannun kujera ta fuskanci korido, carbi a hannu amma ba ta ja. Daga can ƙurya muryar Auta ce ke fitowa, yana zagin golansa yana dariya.

"Shi ne?" Umma ta tambaye ni a hankali.

"Shi ne," na ce. "An zura masa biyu."