Sawun Hassana a Cikin Kwalla

Shekarar da gubar dalma ta shigo mana Abare, tagwayena Hassana da Husaina suna da wata goma sha takwas. Mijina Dikko yakan kawo dutsen zinari daga daji a buhu, mu daka shi a tsakar gida, a turmin da muke surfen gero. Ƙurar takan tashi ta sauko a hankali, tana ƙyalli cikin hantsi, yaran suna bin ta suna kamawa da hannu. Ni a lokacin kyau take yi mini.

Hassana ta fara jijjiga ran Laraba. Kafin Jumma'a mun kai ta makwancinta.

A gindin randa, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima, ta bar sawunta na ƙarshe, yatsu biyar cif. Na kifa ƙwarya a kai, na hana kowa sharar wurin. Da aka ce ma'aikata za su zo da shebur su kankare ƙasar kowane gida su zuba sabuwa, sai na sa wuƙa na yanko sawun, na sa a kwalla, na tura ƙarƙashin gado.

Mu ba mu bambanta tagwaye. Abin da aka ba wannan sai a ba waccan, ko da gaisuwa ce. Shi ya sa kowace safiya nakan buɗe kwallar in ce, "Husaina, gai da 'yar'uwarki." Ta ɗora tafinta a kan sawun, ta yi dariya, ta tafi tana tsotsar yatsa.

Ana ba ta magani, muna zuwa Anka ana auna jininta. Dalmar sauran yara tana sauka, tata ta tsaya cak. Maimunatu, ma'aikaciyar da ke ɗibar jinin, ta kafe ni da ido.

"Zulai, ba abin da kuka ɓoye? Tsohon turmi, ko buhun dutse?"

"Babu."

"To in ba ta sauka ba, za ta taɓa mata kai. Na dai faɗa miki."

Ban ɗauka ƙarya na yi ba. A wurina abin da ke cikin kwallar ba ƙasa ba ce, ƙafar ɗiyata ce.

Cikin kaka Yaya Lirwanu, wanda ke koyarwa a wata makaranta a Gummi, ya zo duba mu. Bayan la'asar muka zauna gindin dalbejiya, na ɗauko kwallar.

"Ke har yau kina nan da ɓoye-ɓoyenki?" in ji shi. "Tun muna yara kike ɓoye ma Inna ƙuli-ƙuli a fatari."

Na buɗe, ya ga sawun.

Na ce, "Yaya, kai da ka yi boko, wa ya zuba guba a ƙasarmu?"

"Ba kowa. Daga taurari ta zo, ita da zinarin, tun ba a yi duniyar ba."

"Kai Yaya, ji tsoron Allah."

"Ai ikonSa nake gaya miki, uwar biyu."

Ya ce tauraro murhu ne da ba a sa masa itace, jikinsa yake ci. Nauyinsa na matse ƙananan abubuwa a cikinsa har su manne su zama wani abu mai nauyi, daga nan wutar ke fita. Ranar da abin ci ya ƙare, babban tauraro sai ya rufta cikin kansa ya fashe, tokarsa ta bazu. A cikin irin wannan toka aka tara ƙasar da muke takawa. Zinari na ciki, dalma na ciki, har ƙarfen da ke jinin mutum.

Ina jin sa, idona na kan ganyen dalbejiya inda rana ke ratsowa. Sai na ga kamar sama tsakar gida ce mai faɗi, ana daka a can nesa, ƙura tana saukowa shekara da shekaru, tana ƙyalli, ba ta san kan wa za ta sauka ba.

Ya ce da yawan taurari bibbiyu ake haifarsu, suna kewaya juna kamar mata biyu masu lugude a turmi ɗaya.

"Tagwaye ke nan," na ce. "In ɗaya ya mutu fa?"

"Yakan ƙanƙance ya yi nauyi, ya tsaya nan kusa. In sun cika kusa sai ya riƙa jan jikin mai ran, kaɗan-kaɗan."

"Da mugunta?"

"Wace mugunta? Kusanci ne kawai."

Ya tashi yin alwala. Husaina ta taho da tafiyarta ta 'yan koyo, ta miƙa hannu ga kwallar kamar yadda na koya mata. Na ga gefen sawun ya zaizaye. Ƙaramin yatsa ya kusa ɓacewa, kuma na san inda ya tafi. Na riƙe hannunta. Ta yi ta kuka har magariba.

Washegari na bar ta wurin Dikko, na ɗauki kwallar a ka kamar mai kai abinci gona. Akwai ramin da ma'aikata suka haƙa bayan gari, inda suke binne tsohuwar ƙasa. Mai gadin wurin, wani dattijo Magaji, ya leƙa cikin kwallar. Ya ce, "Da kwallar za a sa?" Na ce da ita. Shi ya sauka ya ajiye ta a hankali, bai jefa ba.

Awo na biyu bayan nan Maimunatu ta ɗago kai daga takarda ta ce, "Dalmar ta fara sauka." Ta daɗe tana kallona.

Husaina ta yi wajen wata guda tana leƙa ƙarƙashin gado da safe. Sai in durƙusa in buɗe mata tafina, ta ɗora nata.