Ruwa a Gindin Kariya

Da aka sallamo Inna Baraka daga asibiti a Kano ta dawo gida garin Kura, ba ta ko leƙa ɗakinta ba. Bayan gida ta nufa, tana dogara sanda, don ta ga kariyarta.

Kariya itaciya ce mai gindi kamar tulu. Da rani take zubar da ganye, ta tsaya tsirara, sannan ta fito da furanni ruwan hoda. Wannan kuwa reshe ne Inna ta yanko daga gidan mahaifinta tana budurwa, kafin ruwan madatsar Tiga ya shanye ƙauyensu. Ita kaɗai ta rage mata daga garin. A kan tsibin tsakuwa ta dasa ta, ba ta kuma taɓa ba ta ruwa ba.

Yanzu sai ga ta an kewaye ta da ƙasa kamar fangalin albasa, ruwa kwance a ciki.

"Inna, kin ga hidimar da muka yi mata?" in ji Ilham, matar ɗanta. "Ganyen duk ya zube. Na ce wa Baban Nafisat kada ki dawo ki tarar ta mutu. Shi ne ya jawo tiyo daga injin gona, har takin zamani ya zuba mata."

Haka mutanen Kura suke. Tun da aka kawo musu ruwa har bakin gona, duk abin da ya yi yaushi ruwa ne maganinsa. In bai tashi ba, a ƙara.

Inna ta danna gindin da babban yatsa. Yatsan ya nutse, wari ya taso.

"Haba Inna, sai ka ce rasuwa aka yi," in ji ɗan nata Mudassiru, Baban Nafisat. "In na shiga Kano zan sayo miki wata. Suna nan jibge a bakin titi."

"Ka haɗo mini da garinmu, in shi ma yana bakin titin. Ke, miƙo wuƙa."

Reshe ɗaya Inna take nema wanda cikinsa fari ne bai ruɓe ba, wanda za a shanya a sake dasawa. Ta yanki na ƙasa, baƙi ƙirin. Ta yanki na sama da shi, haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga siririn tsiron da ke can ƙoli. Ta tsaga shi da farce, ta kai kusa da ido, ta daɗe tana dubawa. Shi ma baƙi ne.

"Wallahi Inna alheri muka nufa," in ji Ilham.

"Na sani, 'yar nan."

Ta miƙa mata wuƙar.

"Ku tone ta. Ku shuka alayyafo, shi yana son ruwa."