Maki Ɗari Kafin Ƙarfe Huɗu

Karo na tara ke nan tana taɓa fuskar wayar, amsar ba ta canja ba: aikinta na jiran masu dubawa.

Shekara goma sha huɗu ta yi tana ajiyar fayil a asibitin. Yanzu an kawo kwamfuta, an ce duk wanda bai miƙa shaidar kammala kwas ɗin intanet kafin ƙarfe huɗu na yau ba, wani za a ba kujerarsa. Sati goma ta kwashe tana kallon malamin da bai san da zamanta a duniya ba. A aikin ƙarshe ta rubuta shafi goma sha biyu kan yadda fayil ɗin majinyaci ke ɓata tsakanin ɗakin gwaji da ofishin likita, abin da ta sani kamar yunwar cikinta.

Sai dai ba malami ke duba aikin ba, ɗalibai ne. Ka duba na mutum uku, mutum uku su duba naka. Ita ta sauke nata nauyin tun makon jiya. Amma ɗalibai dubu arba'in da aka fara kwas ɗin da su sun watse, ba ko sallama.

Dogo, abokin aikinta, ya leƙo ta bayan tulin fayil.

"Yaya, har yanzu?"

"Har yanzu."

"Ke ma dai da neman wahala. Akwai zauren 'yan kwas da muke yi a waya. Ki cika min maki, in cika miki. Ba mai buɗe na wani."

"To karatun fa?"

"Takarda aka ce a kawo, Yaya, ba karatu ba."

Ta dubi agogo. Uku saura. Ko haushi ba ta ji ba, ta miƙa masa wayar kawai.

Kafin ta gama sa wa fayil biyu lamba, baƙi uku sun duba ta. Ɗari bisa ɗari, shaidar kammalawa ta fito. Ɗayansu har da sharhi: "Aiki mai zurfi."

Ta buɗe aikin don ta ga abin da suka yaba. Sai ta ga sunanta a sama, da kwanan wata, da umarnin da ke cewa a rubuta amsa a nan. Ƙasa kuwa fari fat. Ashe fom ɗin da ba a cike ba ta tura ranar. Shafi goma sha biyun na nan cikin wayarta, ba su je ko'ina ba.

A gefe akwai wurin janye aiki a sake turawa, a koma layin jira. Ta daɗe tana kallonsa.

"An dace?" in ji Dogo.

"An dace," ta ce. "Injin buga takardar nan yana da tawada kuwa?"